Wata huɗu ina jinyar ciwon baya a Ingila, ba a ɗauki hoton bayan ba ko sau ɗaya

Wata Talata ce a ƙarshen watan Nuwamban 2024, wajen ƙarfe shida na safe, saura awa biyu in tashi daga aikin dare. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, irin aikin da ya kawo da yawa daga cikinmu ƙasar nan. Wani dattijo ya zamo daga bakin gado, ni kuma maimakon in jira abokin aikina ya turo na'urar ɗaga mutum kamar yadda aka koya mana, sai na sunkuya na tallabe shi. Nan take wani abu ya tsarga min a ƙugu ta ɓangaren dama, kamar an caka min tsinke mai zafi. Na cije na ƙarasa aikin, ban gaya wa kowa ba, ban kuma rubuta a littafin da ake rubuta duk wani tsautsayi da ya faru a bakin aiki ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ya dawo ya same ni daga baya. Da azahar ta yi, ruku'u ya gagare ni. Ko safa sai matata ce ta sa min.

Kwana uku na yi shimfiɗe a kan kafet, saboda tun muna yara muke jin cewa mai ciwon baya ƙasa yake kwanciya. A cikin kwanakin nan babu irin shawarar da ban sha ba ta waya. Hajiya ta ce, "Kai dai ka ƙi ji ne, basir ne ko sanyi, ƙasar nan taku ai ba ta da rana. Ka nemi wanzami ya yi maka ƙaho." Yayana da ke Kano ya ce, "Da a gida kake da tuni mun kai ka asibitin ƙashi na Dala an ɗauke ka hoto an ga abin da ya goce." Matata ta yi odar bel ɗin ɗaure ƙugu ta intanet, fam 22. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa abu biyu nake buƙata, hoto da allura, sauran duk ɓata lokaci ne.

Ran Juma'a na kira asibitin unguwa, wato wurin likitan da suke ce wa GP, wanda dole ta hannunsa ake bi kafin a kai ga yawancin manyan likitoci. Wanda bai saba ba ya sani: ƙarfe takwas na safe daidai ake buɗe layi, in ka yi jinkirin minti goma guraben ranar sun ƙare. Na kira takwas da minti biyu, murya ta ce ni ne na 23. Bayan kusan minti arba'in wata mata ta ɗauka, ta tambayi ranar haihuwata da abin da ke damuna. Da na ce baya ne, sai ta ce ba likita zan gani ba, akwai ƙwararriyar fisiyo da ke zama a asibitin kwana biyu a mako, ita ce ke fara ganin masu ciwon baya da gaɓoɓi, kuma gurbi mafi kusa sai Laraba. Raina ya ɓaci ƙwarai. A sanina a gida, fisiyo shi ne mai gashin ƙashi, wurin da ake tura mutum bayan likita ya gama da shi. Na ɗauka an raina ni ne saboda an ji harshena. Daga baya na gane Turawan unguwar ma haka ake yi musu. Ban biya ko kwabo ba, kuma masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke mana kuɗin asibitin da sauran baƙi ke biya tare da biza, wanda a lokacin ya kai fam 1,035 a shekara ga babba.

Ganawar ta ranar Laraba minti ashirin ce, amma ita ce ginshiƙin komai. Kafin ta taɓa ni, sai da ta yi min wasu tambayoyi da suka sa na sunkuyar da kai. Fitsari yana fita yadda ya saba? Kana jin lokacin da mara ta cika? Bayan gida yana kufce maka? In ka yi tsarki kana jin hannunka a wurin, ko wurin ya yi dindiris? Akwai canji a mu'amalarka da iyali? Ɗan Hausa a gaban mace, kun san yadda abin yake. Na fara amsawa da "lafiya lau" tun kafin ta rufe baki, sai ta ajiye biro ta yi min bayani. A ƙasan gadon baya, inda laka ta ƙare, akwai wani dami na jijiyoyi da likitoci ke kira da wani sunan Latin mai ma'anar wutsiyar doki. Su ne ke kula da mafitsara da dubura da al'aura da ƙafafu. In wani abu ya danne su, ba a kwana da shi, hoto da tiyata ake yi cikin gaggawa, in ba haka ba mutum na iya rasa ikon riƙe fitsari har ƙarshen rayuwarsa. Da na ji haka na gyara zama na amsa tsakani da Allah. Ta ci gaba: zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ciwon daji a baya, faɗuwa daga sama ko haɗarin mota. Da ta ji daga Najeriya nake sai ta tsaya a kan tarin fuka, domin yana iya kama ƙashin baya. Na ce ai an gwada mu kafin a ba mu biza, ta ce wancan gwajin huhu yake dubawa, don haka tambayar tana nan.

Sannan ta sa na sunkuya, na miƙe, na taka da dunduniya, na taka da yatsun ƙafa, ta buga min ɗan guduma a gwiwa da agara, ta kwantar da ni ta ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ni wata takarda mai tambayoyi tara da aka ƙirƙiro a Jami'ar Keele. Abin da ya ba ni mamaki, kusan rabinsu ba su shafi ƙashi ko tsoka ba. Kana ganin motsa jiki haɗari ne ga mai irin ciwonka? Tunani ya yi maka yawa? Kana jin ciwon nan ba zai taɓa warkewa ba? Da amsoshin ake raba mutane gida uku: waɗanda shawara da ɗan magani ya ishe su, waɗanda ke buƙatar fisiyo, da waɗanda tsoro da damuwa suka haɗu da ciwon har ana buƙatar a yi aiki a kan duka biyun. Ni na faɗa a tsakiya.

Sai ta ce ciwon nawa irin wanda ba a iya nuna wuri guda a ce ga musabbabinsa ne, kuma kusan tara cikin goma na masu ciwon baya haka nasu yake. Yawanci yana sauƙi cikin 'yan makonni. Ta ce in tashi daga kafet, in riƙa tafiya, in koma harkokina gwargwadon iko. Na ce to hoton fa? Ta ce babu buƙata. Na ce allura fa? Ta ce babu. A nan na ɗaga murya kaɗan, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce yaya za a yi maganin abin da ba a gani ba, ko don kuɗin gwamnati ake tattali? Ba ta yi fushi ba. Ta ce ba ra'ayinta ba ne, rubutacciyar ƙa'ida ce ta ƙasa, ta turo min adireshinta a waya, ta kuma ba ni wani ɗan kati mai ɗauke da alamomin wutsiyar dokin nan, ta ce duk lokacin da na ga ɗaya daga ciki, ko tsakar dare ne, in wuce sashen gaggawa kai tsaye.

A daren nan barci bai zo ba, na zauna na karanta. Akwai hukuma mai suna NICE da ke tsara yadda ya kamata a duba kowace cuta a asibitocin gwamnatin Ingila. Ƙa'idarta ta ciwon ƙasan baya da ciwon da ke sauka ƙafa, mai lamba NG59, ta fito a Nuwamban 2016, aka sabunta ta a Disamban 2020, kuma ta shafi 'yan shekara 16 zuwa sama. Na yi ta karantawa ina ganin kamar wanda ya rubuta ya leƙa ɗakinmu. Kada a riƙa tura mutum hoto daga asibitin unguwa haka kawai. Ko an tura shi wurin babban likita, a gaya masa ba lallai a ɗauki hoton ba, sai in sakamakon zai canza irin maganin da za a yi. Kada a ba da bel na ɗaure ƙugu. Na kalli namu na fam 22 a kan kujera. Kada a ba da farasitamol shi kaɗai. Kada a ja mutum da na'urar miƙar da baya, kada a yi masa tsire da allurai irin na mutanen Sin, kada a manna masa na'urar da ke tsikarar fata da lantarki. Tausa da lanƙwasa gaɓoɓi an yarda da su, amma sai tare da motsa jiki, ba su kaɗai ba. Ostireliya ma ta fitar da tata ƙa'idar a 2022, kuma a kan hoto da motsa jiki bakinsu ɗaya.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Washegari na kira wani asibitin kuɗi, suka ce hoton MRI na ƙasan baya fam 350. Har na fara lissafin inda zan ciro kuɗin, sai na ci karo da dalilin da ya sa ake ƙin hoton, kuma shi ne ya sauke ni. A 2015 wasu masana sun tattara binciken da aka yi a kan hotunan mutanen da bayansu lafiya ƙalau, ba sa jin komai. Tsakanin kowane ƙashin gadon baya da na ƙasansa akwai wani faifai mai taushi. A cikin 'yan shekara 20 masu lafiyar nan, kashi 37 cikin ɗari faifansu ya fara nuna lalacewa, kashi 30 kuma ya ɗan bulluƙo. A 'yan shekara 80, lalacewar ta kai kashi 96. Wato kamar furfura ce, sai dai ta ciki. Ni mai shekara 41, da na biya kuɗin nan, da wuya a rasa abin rubutawa a takardar sakamako, kuma babu tabbacin shi ne ke min ciwo. Da na karanta "faifai ya bulluƙo" da na koma kan kafet na wata uku, na kuma gaya wa duk dangi cewa bayana ya goce. Na san kaina.

Maganin da aka rubuta min biyu ne: nafroksin, ɗan'uwan ibufurofen da diklofenak, da omefrazol don kare ciki. A Ingila kowane magani ɗaya da ke kan takarda fam 9.90 ne a lokacin, don haka na biya fam 19.80 a kemis. Mai kemis ɗin ya tambaye ni ko ina da olsa, ciwon ƙoda ko asma, ya ce a sha bayan an ci abinci, kuma na ɗan lokaci. Ya ƙara da wata magana da ta dace da mu: kada in haɗa shi da wani maganin ciwon jiki na dangin nan. A jakata kuwa akwai katin diklofenak da wani ya taho min da shi daga gida, kuma da bai faɗa ba da na haɗa. Masu ƙarfi irin su kodin kuwa, ƙa'idar ta ce sai in waɗannan ba su karɓi mutum ba ko ba su yi aiki ba, kuma ba a ba mai daɗaɗɗen ciwon baya. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2023, ya nuna bayan mako shida waɗanda aka ba irin waɗannan ƙwayoyi ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi samun sauƙi ba.

Ɓangaren takardu ya fi ciwon kansa tayar min da hankali, domin bizata a hannun mai aikina take. Kwana bakwai na farko ba a buƙatar takardar likita, kai ne za ka cike fom ka ce ba ka da lafiya. In ya wuce haka sai an kawo takardar shaida, kuma tun Yulin 2022 ba likita kaɗai ke iya sa mata hannu ba, har da fisiyo da nas da mai haɗa magunguna. Takardar tana da zaɓi biyu: ko a ce ba ka iya aiki, ko a ce za ka iya in an sassauta maka. Fisiyon ta zaɓi na biyu, ta rubuta kada in ɗaga mutum, a rage min awoyi na mako huɗu. Da na kai, manaja ta ce babu aiki mai sauƙi a gidan. In mai aiki ya ce haka, ana ɗaukar takardar a matsayin ba ka iya aiki ke nan, sai ka zauna a gida. Kuɗin jinya na doka a lokacin fam 116.75 ne a mako, kuma a wancan lokacin ba a biyan kwana uku na farko. Wanda ke biyan haya a ƙasar nan ya san wannan ko kusa bai kai ba. Da na ce ai a bakin aiki na ji ciwon, sai ta buɗe littafin tsautsayi ta ce ba ta ga sunana ba. Sai da abokin aikina ya ba da shaida aka rubuta daga baya. Bayan mako biyu, da ƙarancin ma'aikata ya matsa musu gab da Kirsimeti, aikin mai sauƙi ya samu: ba da abinci, rubuce-rubuce, zama da tsofaffi. Ashe ana iyawa.

Na yi zaton an wuce wurin. Sai a tsakiyar Janairu ciwon ya canza hanya, ya bi ɗuwawu ya gangara bayan cinya har sha-raɓa, gefen ƙafata kuma ya riƙa yin kamar tururuwa na tafiya a kai. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na farka na ji ƙaramin yatsan ƙafar ya mutu. Matata ta ce, "Abban yara, ina katin nan?" Muka karanta tare. Fitsari lafiya, bayan gida lafiya, ƙafa ɗaya ce ba biyu ba. Duk da haka na kira 111, lambar neman shawara in abu bai kai na motar asibiti ba. Suka maimaita tambayoyin nan masu nauyi, wannan karon ban yi wata kunya ba, suka ba ni lokaci ƙarfe tara na safe a wata cibiyar duba marasa lafiya ta gaggawa. Na jira awa biyu da rabi. Likitan ya gwada ƙarfin ƙafar da jijiyoyinta, ya ce jijiyar da ke sauka ƙafa ce ta fusata, ƙarfin ƙafar bai ragu ba, yawanci kuma tana lafawa da kanta. Ya ce in ƙafar ta fara ja a ƙasa ko ciwon ya koma ƙafa biyu, in dawo a ranar. Na roƙe shi gabafentin, saboda wata 'yar Gana da muke aiki tare ta ce shi ya taimake ta. Ya ce tun sabuntawar 2020 aka daina ba da shi don wannan ciwon, amfaninsa bai tabbata ba, ga jiri ga sabo.

Tun farkon Disamba na cike fom a intanet na tura kaina sashen fisiyo na yankinmu, don a wurare da yawa ba sai likita ya tura ka ba. Mako tara na jira. A ganina nan ne tsarin ya gaza: ƙa'ida ta ce motsa jiki shi ne magani, amma mai koya maka shi sai bayan wata biyu, lokacin da tsoro ya riga ya yi gida. Wanda na samu namiji ne, ya ba ni minti arba'in. Ya tambaye ni abin da na fi so in koma yi, na ce sallah a tsaye, don tun Nuwamba a kujera nake yi. Ya ce in nuna masa yadda ake yi. Na yi masa ruku'u da sujada da zaman tahiya a tsakiyar ɗakin, ya duba, ya ce to daga nan za mu fara. Mako na farko in yi tsayuwa da rabin ruku'u, sujada a kujera. Na biyu in cika ruku'un. Ya haɗa min da tafiyar minti ashirin kullum da wasu atisaye huɗu, ya ce jin ɗan ciwo lokacin motsi ba ya nufin ana ɓarna, in dai ya lafa kafin washegari. Ya kuma sa ni a ajin motsa jiki na mako shida, mu goma, har da direban babbar mota da wata tsohuwa mai shekara 70 da ta fi mu duka iya tsugunno. Duk kyauta, kuɗin bas kawai na kashe. Azumi ya kama a farkon Maris, na riga na daina shan ƙwayar, wadda dama ba ta son cikin da babu abinci. Tarawihin daren farko raka'a huɗu na yi a tsaye na zauna. Kafin goman ƙarshe ina cikawa.

Wanda abin ya same shi a nan, ya rubuta a littafin wurin aiki a ranar, ko da yana ganin ƙaramin abu ne. In an ce fisiyo zai fara gani, ya karɓa, ya fi saurin samuwa kuma aikinsa ke nan. Tambayoyin fitsari da tsarki da iyali kada ya amsa su da "lafiya lau" irin ta gaisuwa, su ne ke raba wanda zai koma gida da wanda za a shiga da shi tiyata a daren. In yana jin nauyi ya nemi namiji ko mace ko tafinta, ana bayarwa. Ya faɗi cewa daga ina ya zo, ya ambaci tarin fuka ko sikila in akwai su a tarihinsa, da duk maganin da ya taho da shi daga gida, har na gargajiya. Ya cike fom ɗin fisiyo tun makon farko, ko da yana sa ran warkewa, don layin ba ya jiran kowa. Kuma ƙa'idar nan ba ta haramta hoto ba. In akwai alamar haɗari, ko ƙafa ta fara rauni, ko ciwon ƙafar ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har ana tunanin allurar baya ko tiyata, to lokacin hoto ya yi, kuma da ƙa'idar ce mutum zai kafa hujja ya nema.

Na koma cikakken aiki a Afrilu, kuma yanzu ko dattijo na kuka sai na jira na'urar ta iso. Bayan yakan motsa in na yi dare uku a jere, sai in ƙara tafiya, kwana biyu ya lafa. Bel ɗin yana cikin durowa, matata ta ce ba za a jefar da fam 22 ba. Ran sallah da na kira gida, Hajiya ta gama sa albarka, ta tambayi jikin, na ce alhamdulillahi na warke. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, amma hoton fa, har yanzu ba su yi maka ba?"